Baƙin Fenti a Kakin Mijina

Daga admin: Wata baiwar Allah ce ta turo mana wannan daga Damagaram, ta roƙi a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma ban da zagi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana ina gaishe ku. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya ƙulle. Na daɗe a cikinku ina karanta matsalolin mutane, kuma ina cikin masu saurin rubuta "ki yi haƙuri ki dage da addu'a" in wuce abina, ashe faɗin haka ba shi da wuya sai ranar da abin ya zo kanka. Duk sunan da za ku gani a nan ba na gaskiya ba ne, kuma ba zan faɗi sarwis ɗin da mijina yake aiki ba, ku dai ɗauka yana cikin masu kaki da ke tsaron jama'a a nan jiharmu.

Mijina ƙaramin ma'aikaci ne, irin waɗanda ake ce wa tashi su tashi, zauna su zauna. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, ga zuciya a kusa, in ya ga ba daidai ba sai ya faɗa ko a gaban wa, shi ya sa waɗanda suka shiga aiki tare duk sun wuce shi. Muna da ɗa guda, zan kira shi Walid. Muna haya a wani gida mai sassa biyu, mu da wani abokin aikinsa, gajeriyar katanga ce ta raba mu. Matar abokin nan zan kira ta Maman Nana, ta girme ni kaɗan, ƴar ƙauye ce daga wajen Droum, ba ta da mugun nufi ko na ƙwayar gero. Ta kan katangar nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi, in na fita ita ke riƙe mini yaro, lokacin da na haihu kuwa ita ta dafa mini ruwan wanka har na gama, alhali ba dangin iya ba na baba.

Sai kuma yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Yaya Alhaji. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yaya ne ya zama uba. Shi ya sa ni lakwal na yi boko, shi ya yi mini kayan ɗaki, yau in kuka ga Inna mahaifiyarmu tana shan maganin hawan jini a kan kari to shi ne. Ɗan kasuwa ne a unguwar Zango, shinkafa da mai da tayoyin mota yake sarowa, yana da abokan ciniki har Kano. Ban taɓa sanin sa da wata harka da ta wuce wannan ba. Na dai lura a ƴan shekarun nan ya fara abota da manya, musamman wani babban shef na sarwis ɗin su mijina, har shi ya yanka wa shef ɗin ragon suna. Ni a lokacin daɗi ma na ji, na ce ko ba komai mijina ya samu inuwa.

Bara bayan damina ƴar ƙanwar Inna ta haihu, aka aike ni gidanmu na gado a Zango in ɗauko babbar tukunyar da muke girkin biki da ita. Gidan tsoho ne, tun na kakanni masu fatauci, yana da wani fili a baya inda aka ce a da can ake sauke kayan raƙuma, kuma a nan ɗakin ajiya yake. Tun daga zaure na ji warin fenti da esansi, wato fetur, ya cika gidan, na tambayi Inna, ta ce yayanki ne ya kawo masu aiki, ƙofofin ƙarfe suke fentawa. Ƙofar bayan a rufe take amma ba a sa kwaɗo ba, ni kuwa gidan ubana ne, ban ga abin neman izini ba, na tura na shiga. Bindigogi na tarar an shimfiɗa buhuna an jera su a rana kamar ana shanyar kilishi. Waɗanda ba a kai kansu ba duk tsatsa, wata an ɗaure gindinta da waya, wata kuma na ga an yi rubutu da wuƙa a jikin katakonta, wani yana zaune yana kankarewa. Mai fesa fentin ma na san shi, shi ke yi wa ƴan kabu-kabu fentin moto a unguwar. A gefe ga kafinta yana haɗa sababbin akwatuna.

Ina tsaye baki buɗe Yaya ya shigo. Bai yi mini faɗa ba, ya kama hannuna ya fito da ni, ya ce aikin gwamnati ne, gyara aka ba shi, kuma irin wannan ba a maganarsa ko da miji, in ɗauki tukunyata in yi kamar ban gani ba. Na yarda. Me na sani game da bindiga? Na ce a raina in ana gyara tsohuwar mota a yi mata fenti, ita ma haka ne. Na ɗauki tukunya aka ɗora mini a moto na tafi, muka sha suna, na manta.

Ba a daɗe ba mijina ya dawo gida wata rana yana fara'a, abin da ba ya yawan yi. Ya ce yau an yi musu rabon sababbin bindigogi, manya sun zo, an yi jawabi, an fasa akwatuna a gaban kowa, an ce daga waje aka sayo su fil a leda. Ya ce yanzu in sun fita rakiyar motocin ƴan kasuwa za su ɗaga kai, ba kamar da ba. Da ya ce akwatuna sai da gabana ya faɗi, amma na ce ke ma dai, bindiga a duniya iri ɗaya ce? Na yi masa barka na zuba masa abinci.

Bazara ce ta tona abin. Kun san zafin Damagaram in ya tashi. Sai na fara ganin baƙin tabo a kakinsa, a kafaɗa inda yake rataya bindigar, da ƙirji, har tafin hannunsa in ya dawo baƙi ƙirin. Na sa sabulu ya ƙi, na jiƙa shi ya kwana ya ƙi, sai da na ɗiga kananzir na murza sannan ya saki. To yana saki sai warin ya taso mini, kuma wallahi warin nan ne na bayan gidanmu na Zango, hancina bai manta ba. Na zauna a gaban baho na kasa ci gaba da wankin. Da ya dawo na tambaye shi cikin wasa ko ya koma sayar da gawayi ne, sai ya yi dariyar takaici ya ce amaryar da aka kawo musu ce, ashe tsohuwa ce aka yi wa lalle, yanzu ta ji rana tana zubar da kwalliya.

Daga nan kullum da sabon labari. An kai su filin koyon harbi, wasu bindigogin sun tashi, wasu sun yi ɗaya sun cije, wata ma ƙarfen cikinta ya fito a hannun mai ita. Suka haɗu suka kai kuka, kuma kun san wa ya yi musu baki, mijina. Shef ya ce su ne ba su iya goge makami ba, wanda kuma kayan gwamnati ba su yi masa ba ya tuɓe kaki ya ajiye, akwai masu jira a waje. Mijina ya ce abin da ya fi ba su haushi, ba a yi cigiyar masu kawo kaya ba kamar yadda aka saba in za a ba da marshe, wato kwangila, a ɓoye aka ba wani ɗan kasuwa, kuma sunan kamfanin da suka ji ba wanda ya taɓa jin sa a garin nan. Ya ce shi dai burinsa ya san fuskar mutumin. Yana faɗar haka yana cin shinkafar da mutumin ya aiko mana da ita da azumi.

Sai abin da ake gudu ya faru. An tura wasu daga cikinsu rakiyar ƴan kasuwa a wata hanyar daji, ɓarayi suka tare su da rana tsaka. Akwai wani matashi a cikinsu, yana yawan zuwa gidanmu shan shayi, bai daɗe da aure ba. Waɗanda suka tsira sun ce shi ya fara durowa daga motar kamiyo, ya saita, ya ja kunama, ta ƙi tashi, ya sake ja ta ƙi, a haka aka same shi. Mijina yana cikin waɗanda suka kai gawarsa garinsu wajen Gidimuni. Ya ce tsohuwar yaron ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi, wai ɗanta ya gudu ne ko ya tsaya, suka ce ya tsaya, ta ce to alhamdulillahi. Da ya dawo na kawo masa abinci bai taɓa ba, ya ɗaga hannu sama ya fara addu'a a kan wanda ya sayar musu da bindigogin nan, Allah ya tona masa asiri, Allah ya hana shi kwanciyar kabari, Allah ya ɗanɗana wa zuri'arsa abin da tsohuwar nan ta ɗanɗana. Da ya ji na yi shiru sai ya juyo ya ce, "Ke ba za ki ce amin ba?" Na ce amin. Da bakina na ce amin a kan yayana, ga ɗanmu yana wasa a gabanmu, shi ma jinin gidan ne.

Washegari na tafi Zango na samu Yaya a shago, na ce ina son magana, muka shiga ciki. Na faɗa masa duk abin da na sani, ina yi ina kuka. Da farko ya musanta, ya ce mace da wanki me ya haɗa ta da harkar makami, da na ambaci mai fentin moto da kafinta sai ya daina musu. Can ya ce shi ba shi ya ƙirƙiro ba, kiran sa aka yi aka ce ga marshe, kuma kafin kuɗin su iso hannunsa kowane babba ya yagi nasa, abin da ya rage ba zai sayi sababbi ba ko da ya so, su da kansu suka nuna masa inda zai samo na hannu. Ya ce in ya ƙi wani za a ba, kuma ba zai ƙara shigo da ko taya ɗaya garin nan lafiya ba. Ya ce yau in magana ta fito manyan ba abin da zai same su, shi kaɗai za a ɗaure, daga nan in je in nemo wanda zai riƙe Inna da marayun dangi da ke gidan. Ya tuna mini lakwal da kayan ɗaki, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Ni kuma na ce masa yaron da aka kashe fa, ya ce kwanansa ne ya ƙare. A nan na fusata na ce to ni dai kar a kashe mini miji, in wani abu ya same shi ba ni ba Yaya har abada. Daga ƙarshe ya ce in tafi gida, zai san abin yi.

Na biya wajen Inna ina tsammanin ko ita za ta tsawata masa. Ashe ta fi ni sani, ko ba ta san duka ba ta san ba ƙofofi ake fentawa ba. Ta ce ita tsohuwa ce, ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mata, in na zama sanadin da aka sa masa ankwa to ba ni ba ita a duniya, kuma ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Sai da na kwantar da ita na ba ta maganinta. Na fito daga gidanmu ranar ina jin kamar baƙuwa.

Abin da Yaya ya ce zai yi, ya yi shi. Ana shirin tura su mijina misiyo, wato aikin daji, a wannan hanyar dai da aka kashe yaron, kuma ba rakiyar yini ɗaya ba, zama za su yi a can na wani lokaci. Kwatsam aka kira shi aka ce an cire shi daga tafiyar, an mai da shi tsaron ƙofar biro, wato ofishinsu, a cikin gari. Shi da ya ƙalubalanci shef ido da ido, shi aka ba wurin hutawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ji sai da na shiga ɗaki na yi sujada. Amma shi bai ji daɗi ba ko kaɗan. Abokan aikinsa sun fara yi masa kallon wanda aka toshe wa baki, wasu sun ce surukinsa mai kuɗi ne ya saya masa kujera, wasu in ya zo majalisa sai su canza zance. Ya tambaye ni ko na roƙi Yaya wani abu, na ce a'a, kuma ban san ko ƙarya na yi ko gaskiya ba, domin ban ce a cire shi ba, amma maganata ce ta cire shi. Ya je ya ce a mai da shi cikin tafiyar, aka ce oda ce daga sama. Yanzu ya rage cin abinci, ya rage magana, in ya dawo sai ya zauna yana kallon ƙasa.

Abin da ban yi tunani ba sam, in an cire mutum ɗaya sai an cike gurbinsa. Wanda aka sa a madadin mijina shi ne maƙwabcinmu, mijin Maman Nana. Mutumin nan ya manyanta, gwiwarsa ma tana damun sa, da ma shi ne a ƙofar biron, musanya aka yi. Ƴaƴansu huɗu, duk mata, kuma tana da ciki. An karɓi tsohuwar bindigar da yake tsaron ƙofa da ita, wadda ya ce ko ba kyau tana tashi, an ba shi ɗaya daga cikin sababbin. Ya shigo gidanmu da kansa ya ce wa mijina kar ya sa komai a ransa, aiki ne, yau kai gobe ni, ya kuma ce ga amanar iyalinsa. Mijina ya kasa haɗa ido da shi, ni kuwa ina bayan labule na toshe bakina da zane.

Na juya abin nan ta ko'ina ban ga mafita ba. In na faɗa wa mijina, na san shi, ba zai kwana da maganar ba, zai tafi Zango ko biro ya yi abin da za a kore shi ko a rufe shi, kuma aurena ban san ko zai kai gobe ba, domin zai ce tun bara na sani na bar shi yana rataya bindigar. In na faɗa wa Maman Nana, me za ta iya? Mijinta ba shi da ikon cewa ba zai je ba. Na yi tunanin in kira wani wuri in faɗa ba tare da suna ba, to layin wayar portabul ɗina da sunana yake, kuma wa zan kira, wanda ake kai wa ƙara shi ne ya ba da marshen. Ko da na samu wanda zai saurara, a garin nan mutum nawa ne suka shiga bayan gidanmu suka gani? Yaya Alhaji zai san ni ce kafin la'asar. Na koma wajen Yaya na ce a cire maƙwabcin shi ma, ya ce ke kina tsammanin sarwis ɗin na ubanmu ne, in an cire shi wani za a sa, shi ma mijin wata ne, wa zan zaɓa? Na tambayi wani malami a kaikaice ban faɗi suna ba, ya ce ɓoye abin da zai halaka rai zunubi ne, saɓa wa uwa ma zunubi ne, in yi istihara. Na yi, ban ga komai ba sai fuskar yaron nan mai shan shayi.

Ranar kasuwa mai zuwa za su tashi. Yau da hantsi ina shara Maman Nana ta leƙo ta kan katanga, riƙe da kakin mijinta, tana dariya. Ta ce, "Maman Walid, taimake ni da dabararki, wannan baƙin na kafaɗa ya gagare ni, na ga na maigidanki kullum fes. So nake Baban Nana ya tafi da kayansa tsaf, kar a ce matarsa ƙazama ce." Na karɓa na ce ta bar mini zan wanke mata. Ta yi ta godiya, har da cewa ita Allah ya yi mata ƴar'uwa a birni.

Kakin yana nan a baho a gabana tun ɗazu, kwalbar kananzir tana gefe, na kasa taɓawa. Na san yadda ake cire tabon, ɗigo kaɗan ne a murza ya fita, ba wanda zai san ya taɓa zama a wurin. Jama'a ku dube ni da idon rahama ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In faɗa wa mijina in rasa uwata da yayana, wataƙila har da auren? Ko in yi shiru in bar bawan Allahn nan ya tafi a gurbin da bakina ya buɗe? Akwai wanda ya san wata hanya da za a bi a karɓe bindigogin nan ba tare da an ɗaure ɗan'uwana shi kaɗai manyan suna yawo ba? Masu aikin kaki da ke cikin zauren nan da matansu, ku musamman nake roƙo. Kafin magariba za ta leƙo ta karɓi kayan mijinta, don Allah me zan ce mata in na miƙa mata?